Kabewar Japan da Doyar Gwaggo Vika

Akwai wani manomi a ƙauyenmu da ke gabashin tsibirin Tongatapu, sunansa Manase. Mijina ne. Yana nan da ransa, kuma ya san zan ba da labarin nan. Da na faɗa masa, sai ya ɗauki addarsa ya tafi gona. Na ɗauka ya yarda.

Manase ya gaji gona a wurin mahaifinsa, ya kuma gaji irin doya. Kahokaho ce, doguwar nan da ba a kai wa kowa sai wanda ake girmamawa. Tsohon ya riƙe irinta tun yana saurayi. Kowace shekara zai ware masu kyau, ya yanka, ya mayar ƙasa. Mutane sun san ta. Ko a gidan biki aka buɗe ramin umu, inda muke gashi a kan duwatsu masu zafi, aka fito da gasasshen abinci, za ka ji wani ya ce, "Wannan ta gidan su Manase ce."

Doyar farko da ta fito daga gona ba tamu ba ce. Ta yayarsa Vika ce. Manase zai wanke ta, ya sa a kwandon ganyen kwakwa, ya kai ƙofar gidanta, ya zauna a ƙasa daga waje har ta fito. Sai ta karɓa, sannan mu ci. Haka ubansa ya yi wa tasa 'yar'uwar.

Ɗa ɗaya Allah ya ba mu, Taniela. Vika ce ta raɗa masa suna.

Sai shekarun kabewa suka zo. Kullum rediyo maganar ke nan: Japan na neman kabewa a lokacin da tasu ta ƙare, tamu kuma a lokacin take nuna. Ma'aikatan gona suka zo ɗakin taron ƙauye, suka ce ƙasa na bukatar abin da za ta fitar waje. Wanda ya shiga, za a tallafa masa da iri da taki da aikin tarakta, gwargwadon faɗin filin da ya ba kabewa.

Wannan magana ta faɗin fili ita ce ta zauna a kunnen Manase.

Da farko rabin gona ya bayar. Shekarar ta yi kyau. Muka canza rufin gida, ya sayi a-kori-kura. Ba zan ɓoye ba, ni ma na ji daɗin zama a gaban mota ranar Lahadi.

Shekara ta gaba ya sare bishiyoyin kwakwa, ya ce suna tare wa tarakta hanya. Ya cire gwaza, ya cire rogo. Ba a jima ba sai kusurwar doya kaɗai ta rage, ita ma ya ce lokacinta ya yi.

Ranar da ya kwashe irin doyar daga rumfa ina wurin, na kai musu abinci. Shi da Taniela, wanda a lokacin ya zama saurayi, suka loda ta a mota.

Maƙwabcinmu na gona wani mutum ne mai suna Kelepi. Sa'an Manase ne, tare suka yi makaranta, tare suka bar ta. Ba ya sauri a komai. Lokacin yana tsaye cikin rami har ƙugu, yana haƙa wa doyarsa wuri. Ya ɗaga kai.

"Manase, ina za ka kai doyar Baba?"

"Wurin aladu. Su ma su ɗanɗana abincin manya."

"To ka sa ni cikin aladun."

Manase ya yi dariya har da dukan ƙofar mota. "Kai dai mutumina, haƙa rami ne aikinka. Wata rana za mu zo mu tarar ka haƙa naka ka kwanta, ka hutar da mu. Fito ka shiga kabewa. Mutanen Japan ba sa cin doya."

"Ni ma ba na cin kabewa. Kai kana ci?"

"Wa ya ce maka don ci ake noma ta?"

Kelepi ya sosa ƙeya. "To ka ga inda kaina ya kasa ɗauka ke nan."

"Dama kanka bai taɓa ɗaukar komai ba, tun muna aji biyu. Taniela, zube masa ita a nan, mu wuce."

Taniela bai zube ba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa saukewa yana kwantarwa a kan ciyawa, don doguwar doya ba ta son faɗuwa, karyewa take yi. Ubansa yana ta matsa masa hon. Bai ɗaga kai ba har ya gama.

Da lokacin kai doyar farko ya zo, babu doya a gidanmu. Manase ya shiga gari ya sayo babban kwalin naman rago mai ƙanƙara, irin wanda jirgin ruwa ke kawowa. Bai kai da kansa ba, Taniela ya aika.

Yaron ya dawo yana sunkuyar da kai.

"Me gwaggonka ta ce?"

"Ta ce ta gode."

"Shi ke nan?"

"Ta ce in tambaye ka a wane rami ka haƙo shi."

Manase ya ajiye cokali. "Yaya dai ba ta san duniya ta canza ba. Naman nan ya fi doya goma tsada. In ba ta so, ta bari."

Daga ranar bai sake taka ƙofar gidanta ba. Idan sun haɗu a coci sai dai ɗaga hannu daga nesa. Na yi masa magana sau da yawa. Ya ce ba shi da lokacin zaman ƙasa a ƙofar kowa, jirgi ba ya jira.

Shekaru suka wuce a haka. Kabewa ta fara canza fuska. Wasu ƙasashe suka fara kai tasu Japan. Masu saye suka ƙara tsanani: ƙarama ba sa so, mai tabo ba sa so, wadda ta ɗan ƙuje ba sa so. Wadda aka ƙi sai a tara ta a bakin hanya. Har aladu suka gaji da ita, su shinshina su wuce.

Manase bai rage ba. Ya ce tallafi da faɗin fili yake tafiya, in ya rage fili ya rage taki. Duk abin da ya shigo hannunsa gonar yake komawa. Abincinmu kuma daga kanti.

A shekarar da nake ba ku labari, ruwa ya yi yawa lokacin girbi. Jirgi na tsaye a tashar babban birni, Nukuʻalofa, kowa na sauri ya kai kayansa rumfar tantancewa kafin a rufe. Da safe suka loda akwatuna fiye da yadda motar ke ɗauka. Manase ya tsaya a gona wurin masu tsinka, Taniela ya ja motar.

Hanya da santsi. A wata kwana motar ta kife.

Ina shanya wanki matar fasto ta shigo. Ta faɗa mini Taniela ya rasu. Na ce to. Na ci gaba da shanya har kwando ya ƙare. Da rigarsa a ciki, na shanya ta ita ma.

Ban yi kuka ba. Mata suka zo suka riƙe ni, suna kuka a kafaɗata, ni ina kallon igiyar shanya. Har yau ban san inda kukan ya tafi ba.

Samarin ƙauye suka tsince kabewar da ta watse a hanya, suka kai rumfar tantancewa, wai kada wahalarsa ta tafi a banza. Da la'asar aka dawo da ita. Duk ta ƙuje, ba za ta shiga jirgi ba. Ba su san inda za su kai ta ba, sai suka jera akwatunan a gefen gidanmu, ƙarƙashin tagar ɗakinsa.

Washegari aka kawo shi daga asibiti. Mutane suka fara zuwa cikin baƙaƙen kaya, da tabarmi ɗaure a ƙugu, yadda muke yi a makoki. Za su kwana a nan, wasu daga nesa, kuma dole a ciyar da su har a binne, har bayan nan. Maza suka haƙa ramin umu a bayan gida, suka zuba duwatsu, suka jera itace. Daga nan suka tsaya. Babu wanda ya hura wuta, don babu abin da za a sa a ciki.

Gonarmu daga wannan iyaka zuwa waccan kabewa ce. Watan kuma ba na doya ba ne, tsohuwar ta ƙare a kasuwa, sabuwar ba ta fito ba.

A cikin ɗaki kuma, wajen kan Taniela babu kowa. Wurin gwaggo ne, babu mai zama a nan sai ita. Duk wanda ya shigo sai ya kalli wurin, ya kau da kai.

Na sami Manase a gefen gida, zaune a kan akwatin kabewa.

Na ce, "Baban Taniela, abu biyu nake so, ba na son na uku. Ba za a binne ɗana da kabewa a ramin umu ba. Kuma ba za a binne shi ba tare da gwaggonsa ta zauna a kansa ba. Tashi ka je."

"Da me zan je mata? Hannuna babu komai."

"Ka je da ƙafarka."

Ya tashi daga kan akwatin. Sannan ya ɗaura tsohuwar tabarma mai yagaggen baki, wadda ta rufe shi tun daga ƙirji. Na bi shi. A ƙasa muka tafi, motar tana can inda ta kife.

Da muka isa, ya zauna a ƙasa daga waje, a wurin da ya saba zama a da. Ciyawar wurin ba ta yi tsawo ba.

Vika ta fito. Tana cikin baƙaƙen kaya, tabarmarta a ɗaure, jakarta a hannu.

"Yaya, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Tun jiya na shirya. Jira nake in ga ko da kanka za ka zo, ko kwali za ka aiko."

Bai ɗaga kai ba. "Ban zo da komai ba, Yaya. Ba ni da doya. Duk shekarun nan ban kawo miki ba."

"An kawo."

Ya ɗago.

Ta ce, "Babu shekarar da doyar Baba ba ta zo ƙofar nan ba. Kelepi ke haƙowa. Ya ce shi ba shi da 'yar'uwa mace, doyar kuma ta gidan ubana ce. Shi yakan tsaya can a bakin shinge. Taniela ke shigowa da kwandon. Nan yake zama, inda kake zaune."

Manase ya kalli ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

"Kullum zai ce, 'Gwaggo, Baba ne ya aiko ni, aiki ya yi masa yawa.' Na san ba kai ka aiko shi ba. Wanda ba shi da doya ina zai samu ya aika? Ban taɓa nuna masa na sani ba. In ce masa ya gaishe ka, ya ce za ka ji." Ta gyara jakar a hannunta. "Ya taɓa isar maka da gaisuwar?"

"Yakan ce kina gaishe ni. Na ɗauka a hanya kuke haɗuwa."

"To ka ji."

Ni ma ban sani ba. Na tsaya ina ƙoƙarin tuna ko akwai safiyar da ya fita da wuri ya dawo da ƙasa a gwiwar wando. Akwai da yawa. Kowane manomi haka yake dawowa.

Vika ta wuce gaba. "Tashi. Yaron yana jirana."

Da muka dawo gida, akwai keken doki a tsakar gida, cike da doya har sama. Kelepi na saukewa, ɗaya bayan ɗaya, yana kwantarwa a kan ganyen ayaba. Ƙasa har gashin kansa.

Manase ya matsa ya ɗauki ɗaya. Siririya ce, ɓawonta na saɓulewa da yatsa.

"Kelepi, wannan ba ta ƙosa ba. Da sauranta."

"Na sani. Ni na shuka ta."

"Ta bikin sabuwar shekara ce. Wadda kake jira."

"Ita ce."

"Nawa ka haƙe?"

"Na bar layi ɗaya don iri."

"Ka kashe gonarka, mutumina. Me iyalinka za su ci?"

"Akwai rogo. Kuma na ji an ce maƙwabcina na da kabewa da yawa." Bai yi dariya ba, Manase ma bai yi ba. Ya ci gaba da saukewa. "Kai ka ce haƙa rami ne aikina. To na yi aikina. Na gama da na gona, yanzu zan wuce maƙabarta. Ba na so wani ya haƙa masa."

Kafin ya tafi ya duba cikin doyar, ya zaɓi wadda ta fi tsawo, ya share mata ƙasa da tafin hannu, ya ɗora wa Manase a hannu biyu.

"Ba a hura wuta sai ta karɓa. Ga ta can a ciki. Mai kai mata ya kwanta. Yau kai za ka kai."

Daga tsakar gida zuwa ƙofar ɗakin ba nisa. Mutane suka buɗe masa hanya. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya miƙa. Vika tana zaune wajen kan Taniela, hannunta a kan gashinsa. Ta karɓi doyar, ta kwantar da ita a gefensa.

Ta ce, "A hura wuta."

Aka hura. Hayaƙi ya tashi a bayan gida. Kowa ya ci, na kusa da na nesa, har ranar da aka watse. An kawo mini tawa a ganye, na ci. Ban ji ɗanɗanon komai ba. Amma na ga mutane sun ƙoshi, na ga gwaggonsa a kansa, kuma an binne shi kamar ɗan mutane. Abin da na nema ke nan.

Bayan wasu watanni aka yi shela a rediyo cewa za a ba da tallafi ga manoman da kabewarsu ta lalace a shekarar. Manase ya je ya karɓa. Bai shigo da shi gida ba, kai tsaye ya wuce gonar Kelepi. Shi ya ba ni labarin da ya dawo.

Kelepi ya kalli hannunsa ya ce, "Wannan na mene ne?"

"Na doyarka."

"Doyar ubanka zan sayar maka? Mayar aljihu. In kana son ka kashe shi, sayi shebur mai dogon hannu. Tarakta ta danne ƙasarka ta zama kamar titi. Ka fara haƙa tun yanzu, in lokacin shuka ya yi ka zo mu raba layin nan da na bari."

"Kai za ka koya mini haƙa rami?"

"Wa ya fi ni? Tun muna aji biyu."

Manase ya sayi shebur. Ya haƙa a kusurwar da doya take a da. Hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Bai daina kabewa gaba ɗaya ba, har yanzu yana ba ta wani sashe, in jirgi ya ɗauka to, in bai ɗauka ba ba ma kwana da yunwa. Ya mayar da gwaza da rogo. Ya dasa kwakwa, ko da yake ya ce ba lalle shi zai sha ruwanta ba.

Doyar farko da ta fito gajera ce, a karkace, don ƙasar ba ta ba ta hanya ba. Ya wanke ta, ya saƙa kwando da kansa, ya tafi a ƙasa. Na bi shi.

Ya zauna a wurin. Vika ta fito, ta ɗaga doyar, ta juya ta.

"Gajera ce."

"Ƙasar ce, Yaya."

"Ta Taniela ta fi tsawo."

"Na sani."

Ta riƙe ta a ƙirji. "Ka dawo baɗi."

Yana komawa kowace shekara. Doyar tana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan.

Akwatunan nan da aka jera ƙarƙashin tagar ɗakin Taniela sun daɗe a wurin, babu wanda ya iya taɓa su, har kabewar ta ruɓe ta nutse cikin ƙasa. Yanzu duk shekara sai ta tsiro da kanta, ta yi yaɗo ta hau bango. Ba na ba ta ruwa. Ba na kuma cire ta. Da safe in na fito shanya, nakan gan ta.

Darasi: Tallafin gwamnati yana zuwa yana wucewa, kasuwar waje kuma ba ta san sunanka ba, ranar da ka yi rashi ba za ta zo ta zauna da kai ba. Ka noma na sayarwa, amma kada ka tumɓuke abin da ke ciyar da gidanka da abin da ke haɗa ka da danginka. Kada ka raina mutum don ya riƙe abin da kai ka zubar, wata rana a hannunsa za ka same shi. In akwai ƙofar da girman kai ya hana ka zuwa, ka je tun ba makoki ne ya kai ka ba. Ku tura wa wasu su karanta, musamman manoman da kuka sani.